Yadda Ake Renon Itacen Filamboyan a Sakkwato Har Ya Yi Fure

Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ya haura digiri 40 ya yi zamansa a can, ciyawa ta ƙone, ƙura ta rufe ganyen dogon yaro har ya koma ruwan toka, akwai itacen da ke zaɓar wannan lokacin ya yi ado. Za ka hango shi daga nesa a harabar tsohuwar makaranta ko a tsofaffin gidajen ma'aikata, kansa a baje kamar laima, ya yi jawur kamar an zuba masa garwashi. Shi ne filamboyan, wanda masana tsirrai ke kira Delonix regia. In mai sayar da dashe bai gane sunan ba, ce masa mai jan fure, mai ganye irin na tsamiya, mai dogon kwanso kamar kuben takobi. Zai kai ka wurinsa.

Asalinsa ɗan tsibirin Madagaska ne, daga dazuzzukan da ake shafe watanni ba a ga ɗigon ruwa ba. Can ya saba da cewa rani ya zo ya kaɗe ganyensa ya tsaya tsirara, ana dab da saukar ruwa ya fashe da fure. Ka riƙe wannan, domin galibin waɗanda suka shuka shi a gida ya ƙi yi musu fure, nan suka kuskure. So yake a tsare shi kamar jariri shekara biyu ko uku, daga nan a sake shi ya sha ƙishirwa. Mu kuwa mun fi yin akasin haka: yana ƙarami mu manta da shi akuya ta cinye, in ya tsira ya girma mu riƙa yi masa ambaliya da tiyo safe da yamma.

Wata gaskiyar kuma tun kafin ka ɗauki diga: in inuwar da za ka shimfiɗa tabarma a watan Maris kake nema, wannan ba itacenka ba ne. A daidai lokacin da ka fi bukatar inuwa, shi ba shi da ganye. Nemi dogon yaro. Filamboyan na kwalliya ne, inuwarsa ta damina ce da kaka.

Fara da awon wuri

Duk sauran matakan ana iya gyara su daga baya, ban da wannan. Itacen in ya samu wuri yakan kai mita 10 zuwa 12, faɗin kansa kuma sau da yawa ya fi tsayinsa. Saiwoyinsa ba sa nutsewa sosai. Saman ƙasa suke bi, su yi kauri kamar cinyar mutum, su ɗaga daɓe, su tsaga siminti, su bi danshi har cikin sokawe.

Da kuɗina na koyi wannan. Na farko da na shuka, taku uku na bari tsakaninsa da katanga, don a lokacin ɗan tsiro ne da bai kai gwiwata ba, har gani nake wurin ya yi masa yawa. Ya shekara bakwai, a bazarar da ya fi kowace kyau, maƙwabcina ya yi mini sallama bayan la'asar. Dattijo ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, zo ka ga abin da iccenka ya yi muna." Muka zagaya ta gefensa, sai ga tsaga tun daga gindin katanga har sama, hannu na shiga. Ƙarshenta gatari ya raba ni da itacen, na kuma biya magini.

Saboda haka ka bar aƙalla mita 6 tsakanin ramin da kowace katanga, ɗaki, rijiya, sokawe ko tankin ƙasa. In da hali, mita 8. A ƙafa, taku takwas zuwa goma ne na babban mutum. Ka ɗaga kai ma ka duba sama: in wayar wuta ta bi ta wurin, ko ba jima ko ba daɗe za a zo a datse masa kai, kuma filamboyan da aka datse wa kai ya gama kyau.

Fulotin da aka saba yankawa, ƙafa 50 da 100, kusan mita 15 da 30 ke nan. In ka ɗora gida a kai, da wuya a samu wannan tazarar a tsakar gida. Kada ka matsa. Kai shi ƙofar gida in layinku na da faɗi, ko gidan gona, ko ka nemi izini ka dasa a filin makarantar unguwa. Mai ƙaramin tsakar gida da jan furen ya shiga ransa, akwai ƙaramin ɗan'uwansa, Caesalpinia pulcherrima, wanda bai cika wuce mita 3 ba, furensa ja da rawaya, kuma ba ruwansa da katangar kowa.

Sai rana. Yana son ta tun fitowarta har faɗuwa. A ƙarƙashin babban dogon yaro ko a lungun da bene ya tare, zai yi tsawo siriri, ba fure.

Ƙasa kuwa, jigawar da ta mamaye yawancin garin ta yi masa daidai, tunda ba ta riƙe ruwa. Abin gudu shi ne baƙar laka da duk inda ruwa ke kwana. Masu filaye can ƙasa-ƙasa wajen fadamar Rima, irin su Kwalkwalawa, wanda ya ga ambaliyar 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya nemi tudu.

Iri

Ana iya sayen dashe, amma irinsa kyauta ne kuma ba wuya. Kwanson yakan kai santimita 30 zuwa 60, ya daɗe yana reto a kan itace bayan ya bushe. Da hunturu ko farkon bazara, nemi itacen da ka taɓa gani da idonka ya yi fure mai yawa, ka nemi izinin masu shi, ka samo kwanson da ya yi duhu ya ƙeƙashe, wanda in ka girgiza za ka ji ƙwayoyin na kacau-kacau. Ɗanye kore ba ya yi. Kwanson na da tauri, sai ka sa adda ko guduma a gefensa. A ciki za ka tarar da ƙwayoyi dogaye, 20 ko fiye, masu tauri kamar tsakuwa. Zubar da duk wadda ƙwaro ya huda.

Taurin nan shi ne matsalar. In ka binne ƙwayar yadda take, tana iya yin watanni ruwa bai ratsa ta ba, har ka ce irin ya mutu. Hanya biyu ake bi.

Ta farko, ruwan zafi. Tafasa ruwa, sauke shi daga wuta, bar shi minti biyu ko uku, sannan ka zuba a kan ƙwayoyin cikin kwano, ka bar su a ciki har washegari. Kada ka dafa su a kan wuta, ba wake ba ne. Da safe waɗanda suka kumbura sun shirya. Waɗanda suka ƙi, a sake musu.

Ta biyu ita na fi amincewa da ita in ƙwayoyin ba su da yawa. Ɗauki abin yanke farce ko magagari ka ɗan kankare gefen ƙwayar, daidai yadda launin ciki zai leƙo, ka tsaya. Ka kauce wa ƙarshen da ke da ɗan tabo, inda ƙwayar ta maƙale da kwanso, don ta nan saiwa ke fitowa. Sai ka jiƙa a ruwan sanyi kwana ɗaya.

Lokacin wannan aiki Maris ne zuwa farkon Afrilu, domin tsiron ya samu wata uku yana ƙarfi kafin damina ta zauna.

Reno a leda

Ledar fiya wata da aka saba reno da ita ta yi masa kaɗan, don saiwarsa na da sauri. Samu baƙar ledar reno mai zurfin taƙi ɗaya da rabi, ko ka yanka tsohuwar jarka. Huda gindin wuri huɗu ko biyar. Haɗa ƙasar gona kashi uku da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. In ƙasar taka mai danƙo ce, ƙara kashi ɗaya na yashi.

Sa ƙwaya biyu a kowace leda, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, ka rufe, ka yayyafa ruwa. Ajiye ledojin inda za su samu hantsi amma su tsira daga ranar azahar, kamar gefen rumfa ta gabas. A zafin Afrilu leda na bushewa da wuri, sai ka duba safe da yamma. Danshi ake so, ba caɓi ba. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ka ga sun fasa ƙasa. In duka biyun sun fito, yanke mai rauni da almakashi, kada ka tumɓuke, za ka girgiza saiwar ɗan'uwansa.

Duk mako biyu ka ɗaga ledar ka sauya mata wuri. In ka bar ta, saiwa za ta fita ta hudar ta kama ƙasa, ranar ɗauka ka tsinke ta. Saura mako biyu a dasa, fara fitar da su rana a hankali har su saba da wuni a cikinta. Kaji da ƙadangaru na son sabon tsiro, kifa musu tsohon kwando.

In saye za ka yi, kada tsawo ya ruɗe ka. Wanda ya kai kamu ɗaya zuwa biyu, mai kaurin jiki, ya fi dogon da ya shekara biyu a leda saiwarsa ta nannaɗe kamar gammo. Ɗaga ledar ka duba gindinta. Ka kuma tabbatar shi ne, domin itatuwa masu ƙananan ganye suna kama da juna suna ƙanana, kada ka yi shekara biyar kana jiran jan fure a kan wani abu daban.

Rami da dashe

Ruwan Sakkwato ba shi da yawa, abin da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake, Agusta ya fi kowane wata. Dashenka na bukatar ya ci moriyar wannan ɗan lokacin gaba ɗaya. Kada ruwan farko na watan Mayu ya zuga ka, manoma sun san sau da yawa yakan ɗauke ya bar shuka da rana. Jira ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Wanda ya bari sai Satumba kuwa ya haɗa jaririn itace da rani kai tsaye.

Haƙa ramin mako biyu kafin ranar: santimita 60 faɗi, 60 tsawo, 60 zurfi, wato kusan zuwa gwiwa. Ƙasar sama a gefe guda, ta ƙasa a wani gefen. In ka ci karo da marmara, kada ka tsaya a kanta ka ce ya isa. Sa diga ka farfasa ta, in ba haka ba ka yi wa itacen tukunya ne, ruwa zai taru a ciki saiwa ta ruɓe. Ka gwada: cika ramin da ruwa da yamma. In washegari war haka akwai sauran ruwa kwance, canza wuri.

Cakuɗa ƙasar saman da bokiti ɗaya ko biyu na takin shanu ko na tumaki wanda ya ruɓe sarai, wanda ya koma baƙi, ba wari, ba zafi in ka tura hannu. Ɗanyen taki na ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara. Zuba tafi biyu na toka a ciki. Mayar da haɗin cikin ramin ka bar ruwan sama ya kwantar da shi.

Ranar dashe, bari sai bayan la'asar, ko ranar da gari ya yi lumshi. Ba tsiron ruwa tun da safe don ƙasar ledar ta riƙe jikinta. Buɗe gurbi a tsakiyar ramin, tsaga ledar da reza daga sama zuwa ƙasa, cire ta gaba ɗaya. In akwai saiwar da ta zagaye gindi, warware ta, in ta ƙi ka yanke. Zaunar da shi yadda wuyansa zai yi daidai da bakin ƙasa, kamar yadda yake a leda. Binne wuya na cikin abubuwan da ke kashe dashe a hankali, mai shi bai san dalili ba. Mayar da ƙasa, danna da tafin hannu, ba da dunduniya ba, ka ba shi bokiti guda ko da ƙasar da danshi.

Daga nan ka yi masa kwano, ɗan tudun ƙasa zagaye da shi, kamu biyu daga gindi. In wurin gangare ne, yi tudun kamar rabin wata ta ɓangaren ƙasa, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa. Dabarar da manoman Nijar na wajen Tawa ke farfaɗo da fako da ita ke nan, su da ramukan da suke kira tassa, kuma tana aiki a ƙofar gida kamar yadda take yi a gona. A tsakiyar Agusta, in ka ga ruwa na kwana a kwanon, fasa gefe ɗaya ya fita.

Jar akuya

Fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai, amma ga mai dashe ba ta da wani suna sai ɓarna. Wata uku na wahalarka, ita minti biyu ne. Shingen a ranar dashe ake yinsa, ba gobe ba.

Wayar kaji da turaku huɗu ta fi, tsayinta ya kai ƙirjin mutum, don akuya miƙewa take a kan ƙafafun baya. Faɗin ya zama ko ta zura kai ba za ta kai ga ganye ba. Mai ƙaramin ƙarfi ya kafa turaku ya kewaye da ƙayar magarya ko ta bagaruwa, ya riƙa ƙarawa in ta zube. Masu jera bulo su bar ramuka tsakani don iska. Ganga da aka fasa gindi tana tare akuya, amma a watan Afrilu ƙarfen na yin zafin da zai gasa tsiron, ni ban ba da shawararta ba. Shingen zai zauna har ganyen ƙasa ya fi ƙarfin akuya kuma ɓawon jikin ya yi kauri, shekara biyu zuwa uku.

Ruwa, inda aikin yake

Da damina ba ka da aiki sai in ruwa ya yi fashin mako guda. Jarrabawar na farawa daga Oktoba.

Ranin farko shi ne mai wuya. Daga ɗaukewar ruwa zuwa ƙarshen hunturu, jarka ɗaya mai lita 25 sau biyu a mako. Daga Maris zuwa saukar ruwa, sau uku, in jigawar taka mai saurin shanyewa ce har kwana bibbiyu. Ka zuba a hankali cikin kwanon, da sassafe ko bayan faɗuwar rana. Abin da ake nufi ruwan ya nutse, saiwa ta bi shi ƙasa. Ɗan moɗa ɗaya kullum shi ne mafi munin tsari: saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwoyin su taru a sama, su ne kuma gobe za su ɗaga maka daɓe.

Na taɓa tambayar wani tsoho mai reno a bakin hanya, na ce, "Baba, sau nawa zan riƙa ba shi?" Ya ce, "Malam, kak ka tambaye ni. Tura hannu ga ƙasa, in ka ji sanyi ƙyale shi." Har yau ban samu ma'aunin da ya fi wannan ba. Tona da yatsa zurfin rabin taƙi a gefen kwanon. In da danshi, a ƙara kwana.

Wanda ke sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa, ga dabarar da ke rage kashe kuɗi. Sayi sabon tulu na ƙasa, wanda ba a shafa masa komai ba, ka binne shi har wuya kamu ɗaya daga gindin itacen. Cika shi, rufe bakin da marfi saboda sauro da ƙura. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin tulun kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta sha ba. Leƙa bayan kwana uku ko huɗu ka ƙara. Ruwan alwala da na ɗauraye kwanuka duk suna yi. Na wanki mai omo da bilic, a'a.

Rani na biyu, sau ɗaya a mako, amma jarka biyu, kuma ka faɗaɗa kwanon, don saiwar da ke sha ta yi gaba, ba ta gindi. Da hunturu za ka ga ganyen ya yi rawaya yana zuba. Nan hankalin mutane ke tashi su ƙara ruwa. Ba ciwo ba ne, ɗabi'arsa ce. In kana shakka, kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce: in ka ga kore a ciki, lafiyarsa lau.

Daga shekara ta uku ko ta huɗu, sai a juya tsarin. Bayan damina ka rage a hankali, daga Disamba zuwa ƙarshen Maris ka janye hannu. In wurin tsandauri ne ƙwarai, ka ba shi mai yawa sau ɗaya a wata, shi ke nan. Wannan hutun ne ke sa shi ɗaure fure. Itacen da ke kusa da famfo mai yoyo, ko inda ake alwala kullum, ko tsakiyar ciyawar da ake ba ruwa duk rani, zai zauna kore shar, kowa na yaba lafiyarsa, furen kuwa sai ɗan tsilli-tsilli nan da can. Wajen tsakiyar Afrilu, in ka ga 'yan ƙululun fure sun fito a bakin rassa, kana iya ba shi ruwa sosai sau ɗaya ko biyu.

Gara

Bayan akuya, ita ce. Ta fi kama itacen da ƙishirwa ta galabaita ko wanda ke da rauni a jiki. Rufe kwanon da busasshen ganye na rage bushewar ƙasa, amma kara da haki abincin gara ne. Yi amfani da ganyen dogon yaro, kuma ka bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da jikin itacen. Duk mako ka duba gindi. In ka ga ta fara ɗora jan gininta, kankare shi, barbaɗa toka, ka zuba ruwan da aka jiƙa dakakkun 'ya'yan dogon yaro a ciki ya kwana. Turakun shinge ma ka duba, sau da yawa ta nan take fara hawa. In akwai shuri kusa kuma abin ya fi ƙarfin toka, nemi malamin gona ya gaya maka maganin da ya dace da adadinsa, kada ka sayi na kasuwa ka zuba da ka, musamman gidan da ke da yara da kaji.

Fara da tsutsa kan ci ganye da kaka. Ga babban itace ba abin damuwa ba ne, ga ƙarami a tsince da hannu.

Gyaran rassa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan ba karin magana ba ce, aikin ke nan. Filamboyan na da saurin girma, amma itacensa gautsi ne da shi. Iskar da ke zuwa gaban hadarin farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas da jar ƙura, ita ke karya shi. Abin da zai tsaya mata tun yana ƙarami ake gina shi.

Shekarar farko, in yana langaɓewa, kafa masa turke ta gabas ka ɗaure da tsumma, sako-sako yadda zai ɗan motsa. Ban da waya ko igiyar leda, suna shiga jiki. Bayan shekara ka cire.

Manufa ita ce gangar jiki guda ɗaya miƙaƙƙiya har ta wuce kan mutum, mita 2 zuwa 2 da rabi, sannan rassa su baje. In ya rabu biyu tun daga ƙasa, zaɓi mai ƙarfi ka cire ɗayan tun bai fi yatsa kauri ba. Rassan ƙasa kuma a riƙa cire su kaɗan-kaɗan, biyu ko uku a shekara, kada a zare shi lokaci guda, don ganyen ne ke ciyar da gangar. A sama ka bar manyan rassa uku zuwa biyar da suka fuskanci ɓangarori daban-daban, ba daga wuri ɗaya suka fito ba. Reshen da ya fita a buɗe ya fi ƙarfi. Wanda ya matse da ganga kamar tsinken almakashi, shi ne ke tsagewa ranar iska.

Ƙaramin itace a gyara shi da hunturu, lokacin da ba ganye kana ganin ƙirarsa. Wanda ya fara fure kuwa a jira furen ya gama, in ka yanka a Fabrairu ko Maris furen bana ka zubar. Yi da zarto mai kaifi, ba sara da adda ba. Yanka dab da ɗan kumburin da ke gindin reshe, kada ka bar kututture, kada kuma ka shafe har jikin ganga. Babban rauni a jikin filamboyan ba ya saurin rufewa, ta nan ruɓa da gara ke shiga, shi ya sa ake yin gyaran tun rassan na sirara. In kauci ya fito a wani reshe, cire shi da wuri tare da ɗan guntun reshen.

Taki, da itacen da ya ƙi fure

Ba mai ci ba ne. Bokiti biyu na ruɓaɓɓen taki a farkon kowace damina, a baza daidai inda inuwar rassa ta tsaya, ya wadatar. A shekaru biyun farko kana iya ƙara tafi ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15 a watan Yuli, nesa da gindi, ƙasa na da danshi. Yuriya kuwa bar wa masara. Ganye za ta ba ka, ta hana fure, ta kuma sa rassa su yi tsawo ba ƙwari.

Wanda aka shuka daga iri yakan fara fure a shekara ta huɗu zuwa ta shida, wani ya wuce haka. In naka ya haura bakwai shiru, bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya: yana samun rana wuni guda, ko wani itace ya girma ya rufe shi? Akwai ruwan da ke isa gare shi da rani, ko da ta magudanar maƙwabci ce? Ana zuba wa fulawowin da ke gindinsa takin zamani? An yi masa aski da bazara? Kusan kullum amsar na cikin huɗun nan, kuma ta biyun ta fi yawa. Furen farko ma 'yan tsiraru ne a reshe ɗaya ko biyu, sai shekara biyu ko uku bayan nan yake rufe kansa gaba ɗaya.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi a tsohon itace: in ka ga wani abu kamar laimar kwaɗi mai tauri ya fito a gindinsa kamar faranti, saiwar ta fara ruɓewa daga ciki. Ba a warkar da wannan. Daina ajiye mota da shimfiɗa tabarmar yara a ƙarƙashinsa, ka kira masu sare itace su duba kafin hadarin Yuni.

Sai shara, wadda gara ka gaya wa uwargida tun kafin ka dasa. Da hunturu ƙananan ganyen na shiga ko'ina, suna toshe indararo da magudana, a share su kafin ruwan farko. A Mayu da Yuni furen ne zai shimfiɗa jan kilishi a ƙasa kowace safiya. Ganyen da furen duka a tara a rami su ruɓe, takin baɗi ne. Ciyawar ado ba ta yi a ƙarƙashinsa, kada ka wahalar da kanka, bar wurin da yashi mai tsabta. Busassun kwansuna kuwa suna kama wuta da kyau a murhu, in yara sun bar maka su, don su abin kaɗawa suka samu. Ware biyu ko uku masu kyau ka rataye a zaure inda ɓera ba ya kai, na shukar watan Maris.